Sunan tsiro da maganin da ke cikinshi: sharhi bisa littafin Udoy Chand Dutt na magungunan Bengal

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyaran kundin ɗalibi bisa maganin gargajiya ya san fasalin da aikin yakan ɗauka. Ana zana jadawali mai gida huɗu ko biyar: sunan tsiro da harshen gida, sunanshi na Latin, ɓangaren da ake amfani da shi, cutar da yake magani. In gidajen sun cika, sai a ce bincike ya kammala. Wannan fasali yana da tarihi, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka aza harsashinshi shi ne birnin Kalkata na ƙasar Bengal, cikin ƙarni na 19. A wannan maƙala za mu karanta littafi guda daga can, wato The Materia Medica of the Hindus na Udoy Chand Dutt, wanda aka buga cikin shekara ta 1877, don mu ga abin da ya samu da abin da ya zubar lokacin da ya ɗaura wa tsirran kabiraj sunayen Latin. Kabiraj shi ne sunan da mutanen Bengal ke kiran mai maganin gargajiyarsu.

Abin da ya sa Bengal ta dace da wannan tambaya shi ne, a can an samu abubuwa biyu cikin gari ɗaya: rubutacciyar al'adar magani da harshen Sanskirit mai shekaru aru-aru, da kuma lambun nazarin tsirrai na Turawan Ingila da aka kafa bakin kogin Hugli cikin 1787. Inda nassi da samfurin tsiro suka zauna kusa da juna haka, duk wani saɓani tsakaninsu ba ya ɓoyuwa.

2. Littafin da zamaninshi

Dutt likitan gwamnati ne, daga cikin ƴan ƙasa da suka yi karatun likitanci irin na Turai. Ya kamata a tuna cewa cikin 1835 hukumar mulkin mallaka ta rufe azuzuwan da ake koyar da Ayurbeda da ɗibbun Yunani a Kalkata, ta buɗe kwalejin likitanci da Ingilishi. Bayan shekara arba'in da wannan, likitan ɗan Bengal yana iya sanin magungunan Landan sarai, alhali littattafan kabiraj ɗin da ke unguwarsu sun zame mishi baƙi. Irin waɗannan likitoci, da abokan aikinsu Turawa, su ne Dutt ya rubuta wa. Kafin shi an yi wasu ayyuka, kamar Bengal Dispensatory na O'Shaughnessy cikin 1842 da The Indigenous Drugs of India na Kanny Lall Dey cikin 1867, amma burin waɗannan shi ne a samo cikin kasuwa abin da zai maye gurbin maganin da ake kawowa daga Ingila da tsada. Dutt ya bi wata hanya. Ya koma ga nassoshin kansu, irin su Cakradatta na Cakrapani Datta, malamin Bengal na ƙarni na 11, da Sharangadara, da Babaprakasha na ƙarni na 16, ya tsamo haɗe-haɗen magani daga ciki, ya fassara, ya aje matanin Sanskirit a ƙasan shafi don mai son ya bincika.

Littafin ya fara da bayanin ma'auni da hanyoyin sarrafa magani, sa'an nan ya kasu uku: magungunan da ake samu daga ma'adinai, kamar zaiba da farar wuta da ƙarfe, na tsirrai, wanda shi ne kaso mafi girma, da na dabbobi. A ƙarshe akwai jerin sunayen tsirrai wanda George King, shugaban lambun Kalkata na lokacin, ya tsara.

Dole a yaba wa mutumin kafin a soke shi. Dutt ya fahimci cewa kabiraj ba ya ba da tsiro tsurarshi. Ɓawon itacen arjun, alal misali, wanda Cakradatta ya ambata don ciwon zuciya, ana dafa shi ne cikin madara, ko a sha garinshi da man shanu ko ruwan sukari. Akwai bambanci tsakanin matsattsen ruwan ɗanyen ganye, da dafaffen sassaƙe da ake bari ruwanshi ya ƙone har ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, da jiƙon da ke kwana cikin ruwan sanyi, da tsimin da ake rufewa cikin tulu har ya yi ƙarfi. Akwai kuma abin da suke kira anupana, wanda bokayenmu za su ce mishi mahaɗi: zuma ko ruwan citta ko madara da ake shan magani da shi, wanda kuma yake sauyawa gwargwadon cuta ko da ƙwayar maganin ɗaya ce. Dutt ya kiyaye waɗannan duka, da awonsu. Ta wannan fuska littafin 1877 ya fi jadawalai da yawa na zamaninmu cika.

3. Inda suna ya rabu da tsiro

Matsalar tana farawa ne daga tsarin kaso na biyu. Dutt ya jera tsirrai bisa dangoginsu na ilimin tsirrai na Turai, kowane babi da sunan Latin a kai, sunan Sanskirit da na Bengal da na Hindi a ƙarƙashi. Mai karatu yana ganin haka sai ya ɗauka sunayen nan huɗu abu guda suke nufi, kamar yadda «ruwa» da «eau» suke. Nassoshin Sanskirit kuwa ba su siffanta tsiro yadda masanin tsirrai zai gane shi a daji ba. Suna ba da jerin laƙabobi, da ɗanɗano, da zafi ko sanyin maganin, da aikinshi cikin jiki. Ganewar ido da ido aikin malami ne da almajiri, da masu tono saiwa, da ƴan kasuwar magani. Saboda haka idan aka tambayi mene ne tsiron da nassi ya kira kaza, amsar da ake samu ita ce abin da kabiraj na wannan yanki ke saye da wannan suna.

Ga rasna, maganin sanyin ƙashi da ciwon gaɓoɓi da ke cikin haɗe-haɗe masu yawa. A wurin Dutt, rasna ita ce Vanda roxburghii, wata fulawa da ke zama bisa reshen mangwaro kamar kauci, ko da yake ba ta shan ruwan itacen. Haka take a Bengal. A arewa maso yammacin Indiya kuwa rasna wani ɗan kurmi ne, Pluchea lanceolata, a kudu kuma saiwar wani ɗan'uwan citta ce daga jinsin Alpinia. Tsirrai uku ke nan daga dangi uku da ba su haɗa komi ba. Shankapushpi, maganin farfaɗiya da mantuwa, a Bengal Canscora decussata ce, wadda mutanen ƙasar ke kira dankuni. A wasu yankunan Convolvulus ce ko Evolvulus, a Kerala kuma Clitoria ternatea. Haka brahmi: mutumin Kalkata in ya ce brahmi yana nufin Bacopa monnieri, ganyen fadama da ake soyawa a ci, amma a wurare da dama na arewacin Indiya sunan ya faɗa kan Centella asiatica, wadda a Bengal sunanta tankuni, ana kuma shan ruwanta don ciwon ciki.

Abin da Dutt ya rubuta daidai ne ga Bengal. Laifin yana ga sunan littafin da kuma yadda aka karɓe shi. An kira shi magungunan «Hindu» baki ɗaya, alhali abin da ke cikinshi al'adar kabiraj ɗin Bengal ce ta rabin ƙarni na 19, sanye da rigar Sanskirit da hular Latin. Manyan littattafan da suka biyo baya, kamar Pharmacographia Indica na Dymock da abokanshi da ƙamus ɗin George Watt na albarkatun Indiya, sun yi ta ɗauko maganarshi, har ganewar wani yanki ta koma tamkar hukuncin nassi. A ganinmu wannan ita ce babbar illar littafin, kuma ita ce falalarshi in an karanta shi da idon masanin tarihi, domin ya aje muna hoton kasuwar maganin Kalkata a wani ƙayyadadden lokaci.

Kada a ɗauka kuma ɓangaren Latin ɗin tsayayye ne. Man calmugra, wanda likita Mouat ya gwada wa kutare a Kalkata cikin 1854, an daɗe ana rubuta cewa daga ƴaƴan Gynocardia odorata ake tatsar shi, bisa ganewar Roxburgh, kuma haka littafin magunguna na hukuma na 1868 ya ɗauka. Sai cikin 1901 David Prain ya nuna cewa ƴaƴan da ake saidawa a kasuwa na wani itace ne dabam, wanda yanzu ake kira Hydnocarpus kurzii. Gwajin da aka yi bayan haka ya tabbatar man Gynocardia ba shi da sinadarin da ake nema. Shekaru da dama masana suna riƙe da sunan da ba shi ba, ƴan kasuwa kuwa suna riƙe da ƴaƴan da suke su ne.

Masanin tarihi Projit Bihari Mukharji ya kawo wani misali da ya fi wannan ban mamaki cikin wata maƙala ta 2014. Bishalyakarani shi ne tsiron da labarin Ramayana ya ce an ɗauko daga dutse don warkar da raunin Lakshmana. Tsakanin 1890 da 1940 wasu marubutan Bengal suka tsaya a kan cewa wannan tsiro shi ne ayapan, Eupatorium ayapana, wanda ake tsaida jini da shi. Ayapan kuwa asalinshi daga Amurka ta Kudu yake, jiragen ruwan Turawa suka kawo shi. Tsohon suna ya sauka bisa baƙon tsiro saboda aikinsu ya yi kama. Wannan ba zamba ba ce, haka al'adar take tafiya tun da. Babaprakasha ma ya shigar da saiwar cobcini daga Sin don maganin tunjere, cutar da ya jingina wa Turawan Fotigal. Sai dai jadawalin da ke daidaita suna da suna ba shi da gidan da zai rubuta irin wannan tafiya.

4. Waɗanda ba su shiga ba

Dutt ya ce daga littattafan Sanskirit ya tattara aikinshi, kuma ya cika alkawari. Amma maganin da talakan Bengal ke sha, mafi yawanshi bai taɓa shiga waɗannan littattafai ba. Wurin da wannan ya fi fitowa fili shi ne babin kalmeg, Andrographis paniculata, ɗan haki mai ɗacin gaske da ke tsirowa a bayan gida. Matsayinshi cikin tsofaffin nassoshi ba tabbatacce ba ne, har yanzu masana na gardama a kan wane suna ne nashi. Duk da haka Dutt bai iya tsallake shi ba, domin kowace uwa a Bengal ta san alui: ana matse ruwan ganyen, a haɗa da kayan ƙamshi irin su kanumfari, a shanya a rana, a mulmula ƙanana, a ba jariri in cikinshi na murɗa ko ya ƙi cin abinci. Bahaushe zai gane wannan nan take, ɗan'uwan dauri ne. A ƴan layukan nan ne kaɗai muryar mata ta kutsa cikin littafin, ta ƙofar baya.

Da ya bi wannan ƙofa da ya tarar da daula guda. A Bengal iyakar da ke tsakanin abinci da magani siririya ce ƙwarai. Ana buɗe cin abincin rana da abu mai ɗaci, ko shukto, wato dafaffen kayan lambu da garahuni a ciki, ko sabon ganyen dogon yaro da aka soya da yalo a ƙarshen sanyi, lokacin da a da ake tsoron ƙyanda da agana. Ana jiƙa cirata, Swertia chirayita da ake saukowa da ita daga tsaunukan Himalaya, ta kwana a ruwa a sha da safe. Ana gasa ɗanyen ɗan itacen bel a ba mai atuni, a ba mai ƙarancin jini ruwan kulekara, mai tari kuma ganyen basak. Akwai ma ranar da ake cin ganye iri goma sha huɗu a jajibirin bikin Kali. Dogon yaron nan shi ne dai wanda aka kawo muna daga Indiya, wanda ya cika titunan Maradi da Damagaram, aka kuma yi shingen iska da shi a kwarin Majiya tun daga 1975. Mu mun ɗauke shi inuwa da maganin masassara, su kuwa har cikin tukunya yake shiga. Itace ɗaya, sunan Latin ɗaya, Azadirachta indica, amma abin da ake yi da shi ya bambanta.

Haka nan littafin bai san da hakiman Yunani ba, ga shi kuwa Musulmi ne suka fi yawa a gabashin Bengal, inda Bangaladash take yau. Bai san da kabiraj na ƙauye ba, wanda bai iya Sanskirit ba, yana haɗa saiwa da tofi. Bai san da Santal da sauran ƙabilun yammacin ƙasar ba. Su sai da suka jira P. O. Bodding, ɗan mishan daga Norwe, wanda ya buga nazarinshi na maganin Santal kashi uku tsakanin 1925 da 1940, ya kuma jera shi bisa cututtuka yadda masu maganin ke tunani. Ba za a zargi Dutt da rashin rubuta littafin da bai yi niyya ba. Abin zargi shi ne darajar da tsarinshi ya kafa: tsiron da ke da nassi shi ne magani, wanda ba shi da nassi «na gida» ne. Wannan ma'auni ya daɗe. Ko Shibkali Bhattacharya, wanda ya fara fitar da Chiranjib Banaushadhi da harshen Bengal cikin 1976 har ya kai juzu'i 11, kuma ya ba amfanin jama'a fili mai faɗi tare da awo, yakan fara ne da nemo wa tsiro asali cikin tsofaffin nassoshi, kamar dai sai da takardar haihuwa zai samu izinin warkarwa.

5. Abin da magada suka yi da gadon

Daga Dutt hanya ta rabu biyu. Ta farko ta bi ɗakin gwaji. R. N. Chopra da abokan aikinshi a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Kalkata sun gwada tsirrai ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da ɓawon kurci, Holarrhena, don atuni, suka fitar da littafinsu cikin 1933. Nasarar da aka fi ambata ita ce ta sarpaganda, Rauvolfia serpentina. Cikin 1931 Gananath Sen, kabiraj wanda ya yi karatun likitancin zamani, da likita Kartick Chandra Bose suka ba da rahoton amfanin saiwarta ga masu taɓin hankali da masu hawan jini. Cikin 1952 masanan kamfanin CIBA a Suwis suka tsamo reserpine daga cikinta. Ana yawan kawo labarin nan a matsayin shaidar cewa nassi ya riga kimiyya. Amma hawan jini cuta ce da sai da na'urar awo ake ganin ta, babu ita da wannan ma'ana cikin nassin da. Abin da ya yi aiki shi ne mutum biyu da suka zauna kusa da marasa lafiya, suka ba da awo sananne, suka rubuta abin da ya biyo baya.

Hanya ta biyu ita ce ta jadawali. Littafin Abdul Ghani na tsirran magani na Bangaladash, wanda ya fito cikin 1998 da tsirrai sama da 400, aiki ne mai amfani ga mai neman sinadaran da ke cikin kowane tsiro. Bayanshi an samu ɗimbin maƙaloli, gunduma bayan gunduma, kowace da jerin abin da kabiraj kaza suka faɗa. Da yawansu sun gaji ƙashin Dutt sun bar naman: sunan Latin na nan a kai, amma awo, da mahaɗi, da tsawon kwanakin sha, da yadda mai maganin ya gane cutar, sun ragu ko sun ɓace. Kalmar cuta ma akan juye ta kai tsaye zuwa sunan asibiti, ba tare da an nuna yadda aka yi aka san cewa su ɗaya ne ba. Wanda ya san A Hausa Botanical Vocabulary na Dalziel na 1916, da aikin da ƙungiyar Adjanohoun ta buga bisa Nijar cikin 1980, da kundayen da suka tsiro daga gare su, zai ga dangantakar ba sai an nuna mishi ba. Mu ma muna da «shawara» da «rana» da «sanyi», waɗanda ba su shiga gida ɗaya na jadawali ba sai an karya musu ƙafa.

Wannan suka ba kira ba ne a yar da sunan Latin, kuma misali ɗaya ya isa ya nuna dalili. Ishermul, Aristolochia indica, saiwa ce da kabiraj na Bengal ke bayarwa don saran maciji da wasu matsalolin mata. Tun bayan abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda mata kimanin ɗari suka samu ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka saka wa wani Aristolochia na Sin a madadin wani tsiro mai kusan suna ɗaya, an san cewa jinsin nan na ɗauke da sinadarin da ke lalata ƙoda yana kuma jawo sankarar mafitsara. Cikin 2002 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magungunan da ke ɗauke da shi cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Wani nazari da Michl da abokan aikinta suka buga cikin 2013 ya bi sawun ishermul a Bangaladash, ya tarar ana amfani da shi, masu bayarwa kuma ba su da cikakken labarin haɗarin. Ba za su iya samun labarin daga gogewarsu ba, domin ƙoda ba ta nuna alama sai bayan watanni ko shekaru, lokacin da ba mai tuna saiwar da aka sha. Sunan Latin ne kaɗai ya haɗa ishermul na Bengal da abin da ya faru a Beljiyam, kuma shi ne zai haɗa su da Aristolochia albida, wadda ake saidawa a kasuwanninmu da sunan maɗacin ƙasa ko duman dutse.

To amma da zarar an yi wannan haɗi, tambayar da likita zai yi ita ce: nawa ake sha, sau nawa, kwana nawa, a jiƙa ne ko a dafa, a sha ne ko a shafa bisa rauni? Shafawa sau ɗaya a wurin sara da shan jiƙo wata guda ba haɗarinsu ɗaya ba. Waɗannan su ne gidajen da jadawalin zamani ya fi barin su wayam, su ne kuma Dutt ya buɗe littafinshi da su, ya ba su shafuka kafin ya ambaci tsiro ko guda.